Baƙin da Suka Raɗa wa Gida Suna

Ƙarfe biyar na asuba a Okazaki,
ruwan sama yana ƙwanƙwasa tagar ɗakin bincike.
Ni ce, da fitila guda, da tankuna tamanin.
Sunana Chizuru. Aikina ƙirga abin da ido ba ya gani.

Ina tsinko ƙwai daga cikin uwar medaka,
tana yawo da su a manne, kamar tsakiyar da ba a shirya a zare ba.
Kifi ne da bai kai ɗan yatsana ba,
irin wanda babana yake kamfato mini da hularsa
a fadamar shinkafa,
tun ba a zuba wa magudanan ruwa siminti ba.

A ƙarƙashin madubi, can cikin ƙwan, akwai matafiya.
Mun ɗaura musu koren haske don kada su ɓace mana.
Ba a inda za su zauna aka haife su ba.
Daga gefe suke tasowa, suna jan ciki,
suna bin wani ƙamshi da hancinmu bai sani ba,
har su iske wani siririn nama kusa da hanji.
Kango ne, ko ƙofa babu.
Bai ce mace ba, bai ce namiji ba.

Su ne ƙwayoyin zuriya,
masu ɗauke da jikokin da ba a yi mafarkinsu ba tukuna.
Suna sauke kaya, sai a fara zancen gida.

Idan suka yaɗu, biyu ta koma huɗu, huɗu takwas,
ɗaki ya cika har ba masaka tsinke,
sai bango ya kasa kunne,
ya tanƙwara, ya zama rumbun ƙwai.
Idan kuwa akwai umarni a jinin kifin
mai cewa ku dakata, ku yi sannu,
sai su taƙaita, gida ya bi hanyar maza.

Norihiko, ɗalibina mai karkarwar hannu,
ya fasa allurar gilashi goma sha ɗaya
kafin ya iya soka ƙwai bai kashe shi ba.
Da ita ya ɓatar wa matafiyan hanya.
Suka watsu, wasu wajen wutsiya, wasu ƙarƙashin fata,
kamar fitilun masunta a daren guguwa.
Kango ya jira. Ba wanda ya yi sallama.

Wata uku muna ba su abinci.
Tanki na arba'in da ɗaya:
takardar gwaji ta ce duk mata ne,
amma ga fiffiken baya da tsaga,
ga na ƙasa mai faɗi, irin na maza.
Norihiko ya sake gwaji sau uku,
yana tsammanin ya rikita kwalabe.
Bai rikita ba.
Gidan da baƙi ba su sauka ba
ya ɗauki sunan namiji, cikinsa wayam.

A can lungu kuma akwai wani tanki
da matafiyan suka hayayyafa ba linzami.
Jini ya ce maza, cunkoso ya ce a'a,
wasunsu suka wayi gari mata, cikinsu tirtsitsi.

Shekara goma sha tara ina ƙirga.
Har yau ban san da wane harshe suke raɗa ba.

Ran Lahadi na je ƙauye buɗe tagogin gidan babana.
Shekara shida ba mai kwana ciki.
Hular tana nan a ƙusa.
Na tsaya a tsakar ɗaki ina jin ƙurar tabarma,
ban san me zan kira wurin ba.

Litinin da asuba na dawo.
Na barbaɗa wa arba'in da ɗaya abincinsu,
suka taso sama, bakuna a buɗe, ba ruwansu da takarda.
Na jawo madubi, na ɗora sabon ƙwai.
Ɗaya, biyu, uku.
Ga wata can a baya, ita kaɗai,
har yanzu tana hanya.